Fadar Bersay da ƙarancin ruwanta

Ranar Lahadi ƴata tana bitar darasin tarihi a tsakar gidanmu a nan Tawa, sai ta ɗago kai ta ce: "Baba, shin Bersay gari ne ko sunan takarda?" A lakwal yarjejeniyar Bersay ta 1919, wadda aka ƙulla bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, kaɗai aka koya musu. Na ce mata gari ne kusa da Paris, amma fadar da ke cikinsa ce ta yi masa suna.

Asalinta ɗan masaukin farauta ne da Sarki Luwi na 13 ya gina a 1623. Ɗansa Luwi na 14 ya yi ta faɗaɗa shi bisa salon ginin da Turawa suke kira barok, wanda ba ya barin bango ko rufi babu ado, har ya tare a can da fadawansa a 1682. Zauren Madubai kaɗai tsawonsa mita 73 ne, da madubai 357, a zamanin da madubi sai gidan masu hannu da shuni.

Ni kuwa, ɗan Adar da ya tashi da jan guga a rijiya mai zurfi, zancen ruwan ne ya fi tsaya mini a rai. Babu babban kogi a wurin, ga lambun cike da maɓuɓɓugan ado. An kafa wata na'ura kusa da garin Marli mai manyan ƙafafu 14 masu juyawa, tana ɗebo ruwan kogin Sen tana tura shi kan tudu, amma bai wadatar ba. Saboda haka idan sarki ya fito kewaya lambu, masu kula da ruwa sukan buɗe maɓuɓɓugar da ke gabansa su rufe wadda ya wuce, suna yi wa juna ishara da usur.

A Oktoban 1789 jama'ar Paris suka tasa ƙeyar Luwi na 16 zuwa birni, kuma a 1837 aka mayar da fadar gidan tarihi. A Zauren Madubai aka naɗa sarkin daular Jamus a 1871, a nan kuma aka sa hannu kan yarjejeniyar nan ta 1919 da ta ƙwace Togo da Kamaru daga hannun Jamus.

Yau miliyoyin baƙi ne suke ziyartarta kowace shekara, majalisun Faransa biyu suna haɗuwa a can idan za a gyara tsarin mulki, kuma a harabarta aka yi gasar dawaki ta Olimpik ɗin 2024. Maɓuɓɓugan nan kuwa har yanzu ba kullum ake sakinsu gaba ɗaya ba, sai a ranakun da aka tsayar.