Harajin hayaƙi da masu injin ban ruwa

Sana'ata a Jos sayar da injin ban ruwa ne da gyaransa, sai ƴan ƙananan janareta, ina da yara a shago suna koyon aiki. Kasuwarmu tana buɗewa ne da zarar ruwa ya ɗauke wajen Oktoba, sai ka ga manoman rani daga Barikin Ladi da Bokkos da Mangu suna shigowa da inji ɗaure a bayan mashin, wannan kabureta ta toshe, wancan fulogi, wani kuma fistin da ringi ne suka cinye. Da yawansu ruwan tsofaffin ramukan kuza suke ja suna ba dankalin turawa da kabeji da karas, ruwan kuma da laka yake zuwa shi ya sa gyara ba ya yanke mana.

To ana ta maganar harajin kabon, wato a ƙara kuɗi kan duk abin da ke fidda hayaƙi don mutane su rage ƙonawa, kuma dokar sauyin yanayi da Buhari ya sa wa hannu a 2021 ta buɗe ƙofar yinsa. Ni ban musa sauyin yanayi ba, manoman nan da bakinsu suke ce min damina ta rikice musu. Damuwata wa zai biya.

Mun ga samfuri ai. Ranar 29 ga Mayu 2023 Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da ba ta kai naira 200 ba ta koma wajen 500 cikin ƴan kwanaki, a 2024 ta haura 1,000. Wani dattijo kwastomana ya ce min "Malam, gyara min shi na sayar, ba zan iya ciyar da shi ba", wallahi maganar ta tsaya min a rai. Wasu rabin fili suka koma nomawa. Mai gida a Maitama ya fi shi ƙona mai nesa ba kusa ba, da motoci da babban janareta, amma ƙarin bai taɓa tukunyarsa ba. Shi manomi babu wutar Nepa a gona balle ya ce zai canza, zai biya a inji ya sake biya a motar da za ta kai buhu kasuwar Farin Gada, can kuma dillali ne zai yanka farashi ba shi ba.

Ko a Faransa ƙarin harajin mai ne ya fito da masu zanga-zanga sanye da rawayar riga kan titi a 2018, yawanci mutanen ƙauyuka da gefen gari. Kanada ita a da tana mayar wa iyalai kuɗin harajin kabon duk wata uku, har da ƙarin kashi 20 cikin 100 ga mazauna karkara, duk da haka a 2025 suka cire harajin daga kan masu sayen mai. Mu nan da manomi da yawa ko asusun banki bai da shi, ta ina kuɗin zai dawo masa?

In za a yi, a fara kawo famfon sola ta ƙungiyoyin manoma, bashi a biya bayan an haƙe dankali, don kuɗin sayensa lokaci ɗaya ne ke gagarar su. Na san hakan zai rage min aikin kabureta, na yarda, har na tura babban yarona wajen wani mai haɗa sola yana koyo, da yamma ya dawo shago.