Bin Sawun Fenguwin daga Punta Tombo zuwa Ruwan Brazil

Aikin da aka ba ni a Punta Tombo, a gaɓar lardin Chubut na ƙasar Ajantina, shi ne in taimaka wa masu bincike wajen ɗaura ƙananan na'urori a ƙafafun fenguwin na Magellan, wasu tsuntsayen teku da ba sa tashi sama, sannan mu jira dawowarsu mu kwance na'urorin. Wurin yana cikin manyan matattarar wannan nau'i a duniya, kuma a 1982 ne Farfesa Dee Boersma ta Jami'ar Washington ta fara nazarinsu a can. Mazan kan iso a watan Satumba su gyara ramukan da suka bari, matan su biyo baya su saka ƙwai biyu a Oktoba. Idan 'ya'ya suka kama gabansu, iyaye kuma suka zubar da tsohon gashi suka yi sabo, sai kowa ya faɗa teku wajen watan Afrilu, ba a sake ganinsu sai bayan kusan rabin shekara.

Na'urar da muke ɗaurawa haske kawai take aunawa, wato lokacin fitowar rana da faɗuwarta. Daga tsawon yini ake ƙiyasta nisan da tsuntsu ya yi zuwa arewa ko kudu, daga lokacin da rana ta yi tsaka kuma ake gane gabas ko yamma. A nan na fara koyon taka-tsantsan, domin a watannin Maris da Satumba, lokacin da dare da yini suke yin daidai a ko'ina, lissafin arewa da kudu yakan rikice, kuma ko a sauran watanni kuskuren kan iya wuce kilomita 100. Saboda haka ban yarda da taswirar da ta nuna tafiyar tsuntsu a layi guda siriri ba, domin gwargwadon abin da na'urar take bayarwa shi ne yanki mai faɗi. Ga shi kuma ba ta aika saƙo, dole sai an sake kama tsuntsun nan da aka ɗaura wa, abin da ke yiwuwa kawai saboda yawancinsu ramin bara suke komawa. Kamun ma yana buƙatar natsuwa, domin bakinsu yana da ƙugiya mai yanka fata, sai an riƙe kai da kyau an gama da sauri don kada a wahalar da shi.

Da muka zauna kan bayanan, sai muka ga tsuntsayen ba sa kutsawa tsakiyar Tekun Atlantika. Ruwa marar zurfi na gefen nahiya suke bi zuwa arewa, su wuce bakin kogin La Plata da gaɓar Uruguay, wasu har kudancin Brazil, suna bin ƙananan kifayen da ake kira anchoita. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bambancin maza da mata. Binciken da masana daga Japan da Ajantina suka wallafa a 2019 ya nuna mata sun fi yin nisa zuwa arewa, maza kuwa, da yake sun fi girma, sun fi nutso cikin zurfi. Gawawwakin da teku ke fitarwa a gaɓar Brazil ma mata ne suka fi yawa. Sai a lokacin na fahimci dalilin yawan mazan da nake gani su kaɗai a bakin ramuka, suna ta kuka irin na jaki ba tare da abokiyar zama ba: asarar da ake gani a Punta Tombo, a wani ruwa mai nisa take faruwa.

An taɓa magance irin wannan matsala. A shekarun 1980 dubban fenguwin ne suke mutuwa duk shekara a gaɓar Chubut saboda man da jiragen dakon mai ke zubarwa, har aka ƙara matsar da hanyar jiragen nesa da gaɓa da kilomita 40 a 1997, mutuwar kuma ta ragu ƙwarai. Amma wancan mataki a ruwan ƙasa ɗaya aka ɗauke shi. Tarun masunta da ke shaƙe tsuntsayen a lokacin hunturu, da kamun kifin da suke ci, suna ƙarƙashin dokokin Ajantina da Uruguay da Brazil ne, kuma a ganina duk wani shirin kare su da bai haɗa hukumomin kamun kifi na ƙasashen uku ba, to zai bar matan nan ne a inda suka fi mutuwa.