Kibiyar da ta share shafin manoma a Argungu

Kawuna yana da ɗan injin casar shinkafa a Argungu, kuma da zarar an fara girbin shinkafar rani manoma sukan yi layi da buhunan shanshera, wasu daga fadamar garin, wasu daga Gulma da Augie, a ɗora a sikeli, akawu ya rubuta suna da nauyi, da yamma a biya kowa. Ni na ce a daina rubutawa a littafi. Akwai wata tsohuwar kwamfuta a ofis wadda ba ta iya ɗaukar komai mai hotuna, na sa mata Debian, wani nau'in babbar manhajar Linux, mai baƙin allo zalla, na kuma zauna na rubuta manhajar awo da harshen C.

Zanen allon bai ba ni wahala ba, cikin dare biyu na gama shi. Yawancin umarnin da ake ba tamina, wato baƙin allon da ke nuna rubutu, yana farawa ne da bayit (ƙwayar bayani ɗaya a kwamfuta) mai lamba 27, wato ESC, sai alamar [ ta biyo baya. Idan ka ƙara lambar layi da ta ginshiƙi ka rufe da H, manunin rubutu, 'yar sandar nan mai ƙiftawa, zai koma daidai wurin da ka nufa, kuma daga 1 ake ƙirgawa. Da 2J ake share allo, 31m ja ne, 32m kore, 0m kuma yana mayar da launi yadda yake. Tsarin ya bazu ne tun zamanin taminar VT100 da kamfanin DEC ya fitar a 1978, kuma har yau ana aiki da shi. Abin da ya ɗan tsayar da ni shi ne sunaye irin su Ɗanladi, domin haruffanmu masu ƙugiya bayit biyu suke ci a UTF-8, tsarin da kwamfuta take adana haruffa da shi, alhali gurbi ɗaya suke cikewa a allo, sai ginshiƙan suka riƙa gocewa har na daina ƙirga tsawon suna da bayit.

A wajen maɓallai ne na yi kuskuren da har yau yake cin raina. Don manhaja ta ji kowane maɓalli nan take ba tare da jiran Enter ba, na kashe ICANON da ECHO, wato saitin jiran Enter da na nuna abin da aka buga, ta hanyar umarnin tcsetattr, na riƙa karanta bayit ɗaya-ɗaya. Sannan na yanke cewa idan 27 ya zo, akawu ya danna Esc ke nan, yana so a soke shafin da ake ciki a buɗe sabo. Shafin kuwa a ƙwaƙwalwar kwamfuta kawai yake zaune, ba ya sauka a faifai sai an rufe shi. Na gwada manhajar sau da yawa kafin in miƙa ta, amma da Tab da Enter nake yawo a cikinta, tunda haka na tsara ta, ban taɓa kai yatsana kan kibiyoyi ba.

A rana ta uku da fara aiki, gab da azahar, an riga an auna kayan manoma 41. Akawun Kawu, dattijo ne da ya shekara ashirin yana riƙe da littafin awo, ya lura ya rubuta kilo 78 a layin sama maimakon 87. Ya yi abin da kowane mai hankali zai yi, ya danna kibiyar sama don ya koma ya gyara. Allon ya wanke tas. Babu abin da ya rage sai gurbin suna na farko, a cikinsa an rubuta [A.

Aka kira ni daga gida. Ina ganin allon na ce, a gaban Kawu da lebura da manoma, "Malam, Esc ka danna." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, wallahi ban taɓa shi ba, kibiya na danna." Na nace, domin a tunanina babu wata hanyar da 27 zai shigo in ba ta wannan maɓalli ba. Bai sake cewa komai ba, ya ɗauko tsohon littafinsa daga aljihun tebur ya buɗe.

Buhunan an riga an jibge su wuri ɗaya a sito, babu sauran gane na wane da na wane. Sai da aka bi manoman ɗaya bayan ɗaya ana tambayar kowa buhu nawa ya kawo da nauyin da ya ji an kira, ana haɗawa da abin da mai sikeli da lebura suka tuna. Yawancinsu maganarsu ta zo daidai. Wani tsoho ya ce tara ya kawo, lebura suka ce takwas suka sauke, Kawu ya ce, "Baba, maganarka muka ɗauka," ya biya kuɗin tara. Mutanen da suka saba kama hanya da la'asar ba su bar wurin ba sai bayan isha'i.

A daren na rubuta wata 'yar manhaja mai layi goma wadda aikinta kawai ta nuna lambar duk bayit ɗin da ya shigo. Na danna kibiyar sama, sai ga lambobi uku a jere, 27 da 91 da 65. Kibiyar ƙasa ta ba da 66 a ƙarshe, ta dama 67, ta hagu 68. Lamba 91 ita ce [, 65 kuma A. Ashe irin yaren da nake aika wa allo da shi maɓallai suke ba ni amsa, kuma manhajata ta kama bayit na farko ta soke shafi, ta zuba sauran biyun a gurbin suna. Shaidar gaskiyar akawu tana kan allo tun da rana, a gaban idona, ni ne ban karanta ta ba.

Gyaran ba shi da tsawo. Idan 27 ya zo, sai a ɗan dakata, a saitin tamina a sa VMIN ya zama 0, VTIME ya zama 1, wato a jira kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. In babu abin da ya biyo baya, Esc ne na gaske, in kuma [ ya biyo, a ci gaba da karantawa har jerin ya ƙare. Jerin da manhaja ba ta sani ba ta haɗiye shi gaba ɗaya, kada ko harafi ɗaya ya faɗa cikin suna, domin Delete yana aiko 27 [ 3 ~, kuma F1 a baƙin allon Linux yana aiko 27 [ [ A, alhali a wata tamina mai suna xterm 27 O P yake aikowa. Ncurses, shiryayyen kayan aikin rubuta irin wannan manhaja, ta daɗe da warware wannan da keypad da ESCDELAY, na guje ta ne don ina so in fahimci abin daga tushe. Son koyon ba laifi ba ne, amma bai kamata in gwada shi a kan gumin manoma ba.

Ko da na gane kibiyoyi tun farko, bai dace maɓalli ɗaya ya iya cinye aikin rabin yini ba. Yanzu kowane layi yana sauka a faifai da fsync, umarnin da ke tilasta adanawa nan take, kafin manuni ya matsa gaba, abin da ya kamata in yi tun farko ko don ɗaukewar wuta. Esc kuma tambaya yake fitarwa da jan rubutu, kuma layi ɗaya kawai yake sokewa. Na kuma sa manhajar ta mayar da tamina yadda ta same ta ko da Ctrl+C aka kashe ta, tunda atexit, mai gyara abubuwa yayin rufe manhaja, ba ya aiki idan sigina irin ta Ctrl+C ce ta yanke ta, kuma ba na so wani ya tarar da allon da ba ya nuna abin da ake bugawa har sai an rubuta reset a makance.

Washegari da safe na je na durƙusa na ba akawu haƙuri a gaban Kawu, a wurin da na ƙaryata shi. Ya ce ya wuce. Na roƙe shi ya zauna ya danna duk maɓallin da ya ga dama, ni ina gefe ina kallon lambobin. Cikin minti biyar ya tono mini Home da Page Down, waɗanda ban yi musu tanadi ba, na rubuta su a takarda. Daga nan ya shigar da layin gwaji, ya sa 78 da gangan, ya danna kibiyar sama, manuni ya hau layi ɗaya, ya goge ya rubuta 87. Har ƙarshen girbin bai rabu da littafinsa ba, yana buɗe a gefen kwamfutar yana kwafe kowane awo da biro, kuma ban ce masa ya daina ba.