Ranar da muka fitar da bishiyar Kirsimeti daga falo

2 ga Janairu, Bon, Jamus

Yau muka sauke kayan adon da ke jikin bishiyar Kirsimetinmu, ko da yake yawancin maƙwabta za su bar tasu har 6 ga wata kamar yadda aka saba a nan. Su yankakkiya suka saya, babu abin da za su rasa idan ta ƙara kwanaki, amma tamu mai rai ce a cikin tukunya, kuma masu renon itatuwa sun yi ittifaƙi cewa bai kamata irinta ta wuce kwana goma zuwa sha biyu a ɗaki mai ɗumi ba.

Dalilin shi ne, a lokacin hunturu bishiyar barci take yi. Idan ta daɗe a falon da zafinsa ya kai digiri 21, sai ta ɗauka sanyi ya wuce, ta fara fitar da toho, wanda daren farko na ƙanƙara zai ƙone shi da zarar an mayar da ita waje. Saboda haka kafin in karya kumallo na durƙusa na duba bakin rassan ɗaya bayan ɗaya. Ƙullutun tohon suna nan a rufe, masu tauri, launin ƙasa-ƙasa, babu wanda ya tsage. Ganyen ma bai bushe ba: kore shar a sama, da fararen layuka biyu a ƙasa, yana lanƙwasawa a hannu ba tare da ya karye ba. Na tura yatsa cikin ƙasar tukunyar na ji da ɗan danshi, na ƙara ruwa kaɗan, sannan na zubar da wanda ya taru a farantin da ke ƙarƙashi, domin saiwar da ta kwana cikin ruwa ruɓewa take yi.

Da hantsi maƙwabcinmu, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin gandun daji, ya taimaka mini muka kai ta gareji. Ba a fitar da ita fili kai tsaye. Za ta yi kamar mako guda kusa da taga a wurin da babu na'urar ɗumama ɗaki, sannan ta koma baranda. Kafin ya taɓa komai sai da ya tambaye ni ko a tukunyar aka rene ta tun tana ƙarama, ko kuwa tono ta aka yi daga gona. Bai tsaya ga amsata ba, ya kama gindin ya ɗaga ta a hankali, ƙasar ta fito a dunƙule da siraran saiwoyi farare sun kewaye ta, sannan ya gyaɗa kai.

Tambayar tana da tushe. Wannan nau'in, Nordmann, wanda shi aka fi saye a Jamus, asalinsa daga tsaunukan Kokasus ne, kuma har yanzu yawancin irin da ake shukawa daga yankin Racha na ƙasar Jojiya ake samo shi, inda mutane ke hawa dogayen itatuwa su tsinko 'ya'yan. Yana da doguwar saiwa guda mai nutsewa ƙasa, wadda shebur ke datsewa idan aka tono shi. Wanda aka tono daga gona zai yi kyau har a gama biki, amma da wuya ya kama idan aka dasa. A ganina, mai sayar da shi da sunan bishiyar da za a sake dasawa bai yi wa mai saye adalci ba.

Dattijon ya kuma ja kunnena game da baranda. Ya ce in ɗora tukunyar a kan katako, in naɗe ta da buhun algarara don kada saiwar ta daskare, in kuma riƙa ba ta ruwa a ranakun da babu ƙanƙara, domin ganyenta ba ya daina fitar da ruwa, kuma ƙishirwa ta fi sanyi kashe irinta.

Da yamma autarmu ta tambaye ni, "Baba, yaushe za mu dasa ta?" Na ce mata sai wajen Maris ko Afrilu, idan ƙasa ta saki. Ramin zai ninka tukunyar faɗi, amma ba zai fi ta zurfi ba, sannan mu baza ɓawon itace a kewaye. Abin da ya rage shi ne wuri. A dajinta na asali tana wuce mita 50, lambun bayan gidan kuwa ɗan tsurut ne, kuma haya muke yi. Uwargida ta fi son mu sauya mata babbar tukunya ta ƙara shekara guda a baranda. Gobe zan rubuta wa mai gidan in nemi izininsa kan kusurwar da ke nesa da katanga, idan ya ƙi sai mu bi shawararta.