Yadda na auna gonar gadonmu

Da za a raba gadon mahaifinmu, gonar ce ta tsayar da mu. Kusurwa huɗu gare ta, amma a karkace take, babu gefen da ya yi daidai da wani. Na ari tef, na ɗauki igiya da turaku, muka fita da Kawu da sassafe. Gefe ɗaya mita 130, na daura da shi 90, sauran biyun 140 da 120.

Kawu ya ce, "Ɗana, ai abin ba wuya. Ɗauki tsaka-tsakin tsawo da na faɗi ka ninka." Ya buga 110 sau 130, ya samu murabba'in mita 14,300. Haka aka saba, amma fa wannan lissafi na fili ne mai siffar akwati.

Sai na ja igiya daga kusurwar da kuka take zuwa kusurwar da ke kallonta, gonar ta zama alwatika biyu. Nan na sha wuya. Kututturan dawa suna kama igiyar, ƙarangiya ta cika mini wando, ga raɓa ta jiƙa igiyar tana ta miƙewa. Awon farko da na biyu suka saɓa. Dole na kafa turaku a jere, na bi su da tef, na samu mita 150.

Akwai dabarar gano girman filin alwatika da ake danganta wa Heron na Iskandariya, wani masanin lissafi na zamanin da, wadda ba ta buƙatar komai sai tsawon gefe uku. Ka haɗa su ka raba biyu: 130 da 140 da 150 sun ba da 210. Ka cire kowane gefe daga ciki, ka samu 80, 70, 60. Ka ninka huɗun duka, wato 210 da 80 da 70 da 60, sannan ka nemi lambar da in ta ninka kanta za ta ba da abin da ka samu. Alwatika ta farko murabba'in mita 8,400, ta biyu 5,400, duka 13,800.

Ashe tsohon lissafin ya ƙara murabba'in mita 500 da babu su a ƙasa, fiye da fuloti mai ƙafa 50 da 100. Da an raba da wannan lissafin, wanda aka auna wa a ƙarshe shi zai cutu, kuma autarmu ce.

Kawu ya karɓi takardar, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce mu koma gobe da malamin da zai yi rabon, mu sake ja a gabansa.