Na cire fankar injin Hilux ɗina na sa ta lantarki, ga yadda muka kwashe

Motar nan tsohuwar Hilux ce mai injin fetur 22R, ta girmi babban ɗana nesa ba kusa ba, kuma aikinta ɗaya ne, ɗauko buhunan hatsi daga Dawanau zuwa cikin garin Kano. A bazarar da ta wuce ta fara min wata ɗabi'a, in ina gudu a kan titi lafiya lau allurar zafi tana tsakiya, amma da na shiga goslon Kurna da rana tsaka sai ka ga allura tana hawa a hankali kamar mai hawa bene, kafin na fita ruwan lagireto ya fara tafasa. Sau biyu ina fakin a gefen titi ina jira ta huce, buhu a baya, mai kaya yana ta kira na a waya.

Da na kai ta gareji bakanikena bai ma ɗauko sifana ba, kashe motar ya yi da zafinta ya sa yatsa ya juya fankar, sai ga ta tana ta wulwulawa kamar fankar da yara ke yi da kara. Ya ce Alhaji kulocin fanka ya mutu. Ashe wannan dunƙulen alminiyon da fankar ke zaune a kai akwai wani mai kauri a ciki, silikon, da wani ɗan siririn ƙarfe nannaɗaɗɗe a gabansa, in iskar da ke fitowa daga lagireto ta yi zafi sai ƙarfen ya murɗa ya buɗe wa man hanya, fanka ta kama da ƙarfi. Nawa man ya tsiyaye tuntuni, ga shaida nan ƙura ta manne a jiki ta yi baƙi ƙirin.

Shawararsa ita ce a ɗaure shi kawai da noti ya riƙa juyawa tare da inji ko da yaushe, abin da kowa ke yi ke nan. Na taɓa shiga motar da aka yi wa haka, ƙara kamar jirgi zai tashi, ga shan mai, ga nauyi a kan wata-fam, wato famfon da ke zagaya da ruwa cikin inji. Na ce a'a. Ni kuma da ɗan karambanina na kallon bidiyon gyaran mota da daddare, na ce fankar lantarki za mu sa, tunda matsalata a goslo take, kuma a goslo inji a silo yake, fankar da inji ke ja ba ta da wani kuzari, ita kuwa ta lantarki babu ruwanta da ko ka taka totur ko ba ka taka ba.

Na je kasuwar Ƙofar Ruwa da tef a aljihu bayan na auna tsawo da faɗin lagireto da kuma tazarar da ke tsakaninsa da kan wata-fam, wannan tazarar ita ce mutane ke mantawa, sai sun sayo su ga ɗan injin fankar yana dukan fuli, wato faifan da fanbel ke juyawa. Na samo tagwayen fanka 'yan Beljiyom da aka ciro daga wata ƙaramar mota, da murfinsu na roba a haɗe. Yaron gareji ya so ya yanke murfin ya jefar wai yana tare iska, na ce kul. Murfin nan shi ke sa fanka ta zuƙo iska ta cikin dukkan lagireton, in babu shi ta gefe za ta riƙa sato iska, rabin lagireto yana zaune a banza. Muka ɗan rage shi ta gefe, mai walda ya yi mana 'yan ƙarafunan riƙo, muka toshe ramukan gefe da soso. Fanbel kuma yana nan daram, don shi ke juya wata-fam da altaneta, fanka da kulocinta kawai aka cire aka mayar da notinan fulin.

Rigimar gaske da mai wayarin aka yi ta. Yana zuwa ya ce yallaɓai dairek za mu yi, da ka murɗa makulli fanka ta tashi shike nan ka huta. Haka suke so, su cire tamostat, ɗan bawul ɗin da ke tare ruwan inji har sai ya yi zafi, su haɗa fanka dairek, wai ƙasarmu zafi gare ta. To amma inji ba ya son sanyi shi ma, a jikin tamostat ɗin da na saya digiri 82 aka rubuta, wato sai ruwa ya kai wannan zafin yake buɗewa, in ka hana inji ɗaukar zafinsa musamman da asubar hunturu zai ƙara shan mai kuma injin ya fi saurin cinyewa. Na dage sai an sa suwic mai jin zafi a jikin tiyon ruwa, wanda zai kunna fanka in ruwa ya haura digiri 90 ya kashe ta in ya sauko, kowace fanka da rilenta, wato ɗan suwic ɗin da ke ɗaukar mata babbar wuta, da fis ɗinta, wuta kuma daga batir kai tsaye da waya mai kauri. Ya yi ta gunaguni yana cewa Alhaji kai dai kana son wahala, amma ya yi. Na kuma sa ya ƙara min wani ɗan maɓalli a ƙasan sitiyari saboda ranar da suwic zai ƙi aiki.

Gwajin farko fanka ta tashi gwanin sha'awa, muna ta murna, sai na sa takarda a gaban giril na ga tana ture ta waje maimakon ta manne. Mai wayarin ya juya wayoyin ashe. Da haka na fita da ita, da iskar hanya da ta fanka za su yi ta karo a tsakiya.

Sati guda ina jin daɗi, goslo ya zama ba komai, mota ta yi shiru har ina jin rediyo. Sai wani dare ina dawowa da fitila a kunne, fankokin suka tashi tare, na ga hasken fitila ya dushe kamar an rage wa aci-balbal lagwani, washegari da safe batir ko tari bai yi ba sai turi. Altanetar motar amf 60 aka rubuta a jikinta, an yi ta ne zamanin da mota ba ta da komai sai fitila da hon da waifa, ga shi na ɗora mata fanka biyu masu cin wuta, kuma a silo ma ba ta ba da abin da aka rubuta ɗin. Dole na sake komawa kasuwa neman babbar altaneta, aka sake walda wurin zamanta, aka canza wayar caji. Wannan kuɗin ban sa shi a lissafi ba ko kaɗan, uwargida har yau tana min gori a kai.

Sannan wani abu da na lura, in na yi lodi sosai ina tafiya mai nisa da rana allura tana ɗan wuce inda ta saba zama a da can lokacin da kulocin ke da lafiya. Ba ta kai ja ba, amma ido na yana kanta. Fankar inji mai lafiya in ta kama iskar da take ja ba wasa ba ce, waɗannan 'yan tagwayen na ƙaramar mota ba su kamo ƙafarta ba. Shan mai kuwa da ake ta cika baki zai ragu, wallahi ni dai aljihuna bai shaida ba.

Wani direba da muke lodi tare ya tambaye ni ko shi ma ya yi, na ce masa ya fara zuwa a wanke masa lagireto a hure ƙurar da ta toshe shi, ya nemi kuloci mai kyau ko a ɗura wa nasa silikon, in bai warke ba sai mu yi magana. Tsohuwar fankar tawa da sabon kulocin da na saya daga baya suna bayan kujera a cikin buhu, tare da fis guda huɗu da rile ɗaya.