Bukkar leda mai murhu a dajin Alberta

Shekaru ukun farko da na yi a Edmonton, babban birnin lardin Alberta a ƙasar Kanada, da Nuwamba ta kama sai in koma ɗan kurkuku. Daga gida sai mota, daga mota sai wurin aiki, ranar Juma'a masallacin Al-Rashid, shi ke nan. Ni da na tashi a Katsina ina ganin na san muku-muku, sai ga ni a garin da ma'auni ke sauka 30 ƙasa da sifiri, gashin hancinka ya sandare kafin ka kai bakin titi. Maiɗakina har cewa take wata rana za a zo ɗaga kujerar falo a ɗaga da ni.

Wanda ya fitar da ni wani dattijon Bature ne da muke aiki tare. Muna cin abincin rana na ba shi labarin kakana, maharbi ne a dajin Rugu, da bindigarsa adaka da rigar layu. Ya ajiye cokali ya ce jikan maharbi ne ke zaman ɗaki? Daga ranar bai bar ni na sha ruwa ba.

Farauta a nan takarda ce kafin ta zama daji. Na yi kwas ɗin koyon riƙe bindiga, na nemi lasisin da 'yan sandan tarayya, wato RCMP, ke bayarwa, wanda sabon mai nema ba ya samu sai ya jira aƙalla kwana 28, kuma sai an sanar da matarka. Ta sa hannu tana dariya. Sannan kwas ɗin mafarauta na lardin, da lambar shaida, da tikitin kowace dabba daban. Na tuna yadda ake yi a gida, a busa ƙaho a saki karnuka, na yi shiru.

Fitarmu ta farko kusa da Hinton ce, a gindin duwatsun Rocky, tafiyar awa uku yamma da Edmonton. Dattijo yana da tantin tamfol mai kauri, kamar ɗaki sosai, da murhun ƙarfe a ciki. Daɗi kam ba a magana. Amma tantin da sandunansa da murhun sun haura kilo 40, iyakarsa inda mota ta tsaya, kuma inda mota ke tsayawa nan kowa yake. Barewar da ta ji rugugin motoci ta daɗe da yin gaba. Ya ce badi sai mu lula ciki da ƙafa, kayanmu a baya. Gwiwarsa ta fara gajiya, saboda haka ni zan nemo tanti ni zan ɗauka.

Da farko na ce me ya sa sai mai murhu, ai akwai ƙananan tantuna da ba su kai kilo 2 ba. Ya ce in ƙirga dare. A tsakiyar Nuwamba rana na faɗuwa wajen huɗu da rabi, ba ta fitowa sai takwas, doka kuma ta hana harbi daga rabin awa bayan faɗuwarta. Awa 15 ke nan a duhu, safa jiƙe, riga jiƙe da gumi, babu inda za ka shanya. Kwana ɗaya za ka jure. Na uku kana tattara kaya.

Irin tantin da mafarautan nan ke goyawa siffarsa ta bukka ce, sanda ɗaya a tsakiya, yadin nailan da aka shafe da silikon, ba shi da daɓe, ƙasa ce shimfiɗarka. A kusa da ƙoƙuwa akwai wani ƙyalle da wuta ba ta ci, mai huda, ta nan bututun hayaƙi ke fita. Murhun na titaniyom ne, ana warware shi ya koma falle-falle kamar faranti, bututun kuma a naɗe shi kamar tabarma. Tanti kilo 2 da ɗan wani abu, murhu da bututu kilo 1 da rabi.

Na ga kuɗin na kamfanonin Amurka irin su Seek Outside da Kifaru, na lissafa da naira, na rufe wayar. Na sayo wani mai araha a intanet, an rubuta na mutum biyu. Allah ya taimake ni na fara kafa shi a bayan gida. Da na sa murhu a ciki, ya cinye wurin mutum ɗaya, itace ya cinye rabin na ɗayan. Daga baya na gane ƙa'idar masu abin: in an ce na mutum huɗu, to biyu ne da murhu. Na kwana a ciki duk da haka. Da asuba numfashina ya daskare a jikin yadin, ina hura wuta ya narke ya dinga ɗigo mini a fuska. Araha ba ta ado, na mayar da shi.

Abin da ya yanke mini shawara babu mai tallan da ya ambace shi. Da na tashi sallar asuba a wancan ƙaramin tanti, ko rusunawa ban iya yi ba sai kaina ya goge raɓa. Fita waje kuwa a tsaya kan ƙanƙara a sanyin 15 ƙasa da sifiri da ɗanyar alwala, na gwada sau ɗaya, ban ƙara ba. Saboda haka na koma duba tsawon sanda kafin komai. Na zaɓi wanda ƙoƙuwarsa ta haura mita 2, in na tsaya kusa da sandar ba na taɓa komai. Ya fi ƙaramin nauyi da kusan kilo guda, na yarda da wannan. Na ƙara da labulen ciki mai tare ɗigon raɓa, da lafin da ke kwanciya a ƙasa a danne shi da ƙanƙara don kada iska ta shigo ta gindi. Af, gabas ɗinmu ma a nan ba gabas ba ce, alƙibla ta fi karkata arewa. Na daɗe kafin zuciyata ta saba.

Murhun ma sai da na koye shi. Bututun sabo yana da taurin kai, gefensa kamar reza, sai da safar hannu, kuma sai an ƙona shi sau ɗaya kafin ya riƙe siffarsa. Cikinsa ba ya ɗaukar itacen da ya wuce kaurin hannu, don haka in ka daina ciyar da shi, kafin awa guda ya mutu. Duk wanda ya ɗauka wuta za ta raka shi har gari ya waye, ya rage kuɗin jakar barci, zai sha mamaki da ƙarfe biyun dare. Aikin murhun ɗumin magariba ne, da shanya kaya, da tafasa shayi, da ɗumama ruwan alwala. Itacen fir mai ƙaro yana tartsatsi, ya huda mini rufi wuri biyu duk da ragar da ke bakin bututun. Kuma ba na rufe kafar iska ko sanyi ya kai ina. Dattijo ya so ya yi mini bayanin iskar da ke kashe mutum cikin barci, na ce ya huta, a garinmu duk hunturu sai an ji labarin waɗanda suka kwana da kaskon garwashi a rufaffen ɗaki.

Mun yi kwana huɗu, kilomita takwas daga mota. Abincinmu rataye a bishiya nesa da tanti saboda beyar, wata babbar dabbar daji mai haɗari. Na ga sawun elk, wata dabba mai girman gwanki, na ji motsinsu a duhun itatuwa, ban samu harbi ba. Da muka dawo na kira Baba ta WhatsApp, na nuna masa hoton tantin da hayaƙi na tashi a kansa.

Ya ce, "Kai yaro, wannan ai bukkar Fulani ce. Nawa ka saya?"

Na faɗa masa rabin kuɗin. Ya yi salati.

"To ina naman?"

Na ce, "Baba, sai badi in Allah ya kai mu."

Ya ce in gaida dattijon, in kuma faɗa masa kakana bai taɓa ɗaukar ɗaki a ka zuwa daji ya dawo hannu rabbana ba. Na isar da gaisuwar, sauran na riƙe. Hudojin nan biyu na liƙe su da silikon ranar Lahadi, tantin yana rataye a gareji yana shan iska.